Rancen gida na gwamnati a ƙauyen Amurka: wa ya taɓa karɓa, kuma yaya zaman yake?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu. Shekarata tara a Greensboro, a jihar Carolina ta Arewa, ina biyan haya, kuma bana mai gidan ya sake ƙara mana, yanzu dala 1,650 muke ba shi duk wata a kan ɗaki uku. Wani abokin aikina ya ce akwai rancen da ma'aikatar gona ta Amurka, wato USDA, take tsaya wa mutum a kai, a sayi gida ba tare da ka ajiye ko sisi na kafin alƙalami ba, amma sai a ƙauye. Ni dai na ga wani gida a wajen garin Liberty, a gundumar Randolph, kamar mil ashirin da 'yan kai daga inda muke. Ɗaki uku, fili kusan eka ɗaya, suna neman dala 220,000. Tambayoyina: shin da gaske ne ba a ajiye komai? Shin duk gundumar da aka ce ta karkara ce ta shiga ciki? Sannan waɗanda suka koma ƙauye da iyali, don Allah ku faɗa mana gaskiya, kada ku rufe mu. Mu shida ne a gida: ni, maiɗakina, yara uku, da ƙanena da yake zaune tare da mu.

Injiniya Columbus:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Da gaske ne, da shi na sayi nawa shekara huɗu da suka wuce. Amma fara gyara abu ɗaya a ranka: ba gunduma ake dubawa ba, adireshin gidan ake dubawa. Suna da taswira a shafinsu na intanet, ka rubuta lambar gida da sunan titi, nan take ta ce maka ya cancanta ko bai cancanta ba. Za ka ga gunduma ɗaya rabinta ta shiga, rabinta ba ta shiga ba. Ni na ga titi guda da gidajen hannun dama suka shiga, na hannun hagu ba su shiga ba, saboda layin ta tsakiyar titin ya bi. Kai ko gundumarku ta Guilford, cikin Greensboro ba ya ciki, amma idan ka fita bayan gari za ka sami adireshin da suka shiga. Saboda haka kada kalmar ƙauye ta firgita ka. A ƙa'idarsu, garin da mutanensa ba su wuce 10,000 ba yana iya shiga, wani har 20,000, wasu garuruwan da tun da suna ciki an bar su har zuwa 35,000. Sun sake zana taswirar bayan ƙidayar 2020, sabuwar ta fara aiki a watan Oktoba na 2023, don haka idan wani ya ce maka unguwa kaza tana ciki, kada ka yarda sai ka buga adireshin da hannunka.

Shirin kashi biyu ne, duk ƙarƙashin sashe na 502 na dokar gidaje ta 1949. Na farko banki ne ko kamfanin rance yake ba ka kuɗin, gwamnati ta tsaya masa cewa idan ka gaza za ta ɗauki mafi yawan asarar. Shi ne yawancinmu muke yi, shekara 30, kuɗin ruwa ba ya hawa ba ya sauka. Na biyu ita gwamnatin ce da kanta take ba ka, amma wannan na masu ƙaramin ƙarfi ne sosai.

Ɗan Maraɗi:
To Injiniya, in babu kafin alƙalami, ina ribarsu? Ni fa tun da na zo ƙasar nan ban ga abin da ake bayarwa a banza ba, ko ledar shago.

Injiniya Columbus:
Ai ba kyauta ba ce, Ɗan Maraɗi. Suna karɓar kashi 1 cikin ɗari na rancen tun farko, amma ana iya ɗora shi a kan bashin. Sannan duk shekara kashi 0.35 cikin ɗari na abin da ya rage, a raba maka shi wata-wata. A gidan da Baban Ummi ya gani, na farkon zai kama dala dubu biyu da ɗari biyu da ɗoriya, na biyun kamar dala 65 a wata. Ka kwatanta da na FHA, wani rancen gidan da shi ma gwamnati take tsaya wa: can sai ka ajiye kashi 3.5, wato dala 7,700 a wannan gidan, sannan nasu kuɗin farkon kashi 1.75 ne. Abin da mutane suke mantawa shi ne kuɗin rufe ciniki: lauya, binciken takardun fili, mai kimanta gida, inshorar shekarar farko. Waɗannan suna nan. Ana yarda mai sayarwa ya ɗauke maka har kashi 6 na kuɗin gidan idan kun daidaita. Ni mai gidan ya ɗauki rabi, na biya rabi. Duk wanda ya ce maka da aljihu wayam za ka shiga, yaudararka yake yi.

Hajiya Mai Lissafi:
Baban Ummi, ni aikina cika wa mutane takardun haraji ne, kuma abin da ya tsaya mini a saƙonka shi ne ƙanenka. Yana aiki? Domin wannan rancen yana da rufi: kuɗin da yake shigowa gidan kada ya wuce kashi 115 cikin ɗari na matsakaicin abin da gidajen yankin suke samu. Kuma da suka ce gidan, kowa da kowa suke nufi, duk baligin da zai kwana a ƙarƙashin rufin nan, ko sunansa yana kan rancen ko ba ya kai. A lissafin 2025, a yawancin gundumomi iyakar dala 119,850 ce ga gida mai mutum ɗaya zuwa huɗu, sannan 158,250 ga mai mutum biyar zuwa takwas. Duk shekara suna sauyawa, kuma wuraren da rayuwa ta fi tsada nasu ya fi haka. In ba damuwa, faɗa mana a dunƙule nawa kowannenku yake samu kafin a cire haraji, har da na ƙarin awoyi.

Baban Ummi:
Hajiya na gode. Bara ni na tashi da wajen 61,000 har da ƙarin awoyi, maiɗakina tana aikin kula da tsofaffi, 49,000, ƙanena kuma yana tuƙin motar raba kaya, 51,000. Na haɗa yanzu na ga 161,000. Ke nan mun faɗi da dala dubu biyu da ɗari bakwai da hamsin? Inna lillahi.

Sarkin Zolaya:
Haba Baban Ummi, wannan ai ba abin salati ba ne. Ka ce ƙanen naka ba ya tare da ku, shi ke nan. Wa zai zo da daddare ya ƙirga takalma a bakin ƙofa?

Hajiya Mai Lissafi:
A'a Sarkin Zolaya, kada ka koya masa wannan. Takardar gwamnatin tarayya ce zai sa wa hannu, kuma ƙarya a kanta laifi ne babba, ba ƙaramar magana ba ce ga wanda watakila gobe zai nemi takardar zama ɗan ƙasa. Ga lasisin tuƙin yaron da takardun harajinsa duk da adireshinsu ɗaya. Kuma ma babu buƙatar hakan. Baban Ummi, ba a kan 161,000 ɗin za su tsaya ba, akwai abubuwan da ake cirewa. A lissafin 2025 kowane yaro ana cire dala 480, uku ke nan 1,440. Sannan kuɗin reno na yaran da ba su wuce shekara 12 ba, idan don ku samu ku je aiki kuke biya, shi ma ana cirewa. Nawa kuke biyan reno?

Baban Ummi:
Dala 600 a wata muke ba wata baiwar Allah a unguwarmu, tana riƙe mana auta. Amma a hannu muke ba ta.

Hajiya Mai Lissafi:
To ka gani, 7,200 ke nan a shekara. In an cire duka biyun kun dawo 152,360, kun shiga ƙarƙashin rufin. Matsalar ita ce wannan "a hannu" ɗin. Mai duba takardu ba ya sanin amana, takarda ya sani. Daga wannan watan ku fara tura mata ta banki ko ku rubuta mata caki, kuma ku tambaye ta ko za ta yarda ta sa hannu a takardar shaida cewa ita take renon. Wasu ba sa so, saboda su ma ba sa bayyana kuɗin a harajinsu. Gara ka san matsayinta tun yanzu.

Sai abu na biyu da yake rikita mutanenmu. Lissafi biyu ake yi. Na farko shi ne wanda muka yi, na duba ko kun yi wa shirin yawa. Na biyu na duba ko za ku iya biya, kuma a nan kuɗin waɗanda sunansu yake kan rancen kaɗai ake ƙirgawa. Wato albashin ƙanenka yana iya hana ku, amma ba zai taimake ku ba sai in ya shiga rancen. Kai da madam 110,000 ne, wajen 9,160 a wata. Abin da aka saba shi ne duk basussukanku, har da kuɗin gidan da haraji da inshora da na mota da katin kiredit, kada su wuce kashi 41 cikin ɗari, wato kamar 3,750. Masu tuƙin Uber su suka fi shan wahala a nan. Duk shekara sai su zo wurina su ce Hajiya a rage, a cire mil, a cire taya, har takarda ta nuna 19,000 suka samu. Ranar neman gida banki ya ce a kawo harajin shekara biyu, ya ga 19,000, ya ce da me za ka biya? Ba a cin biyu.

Ɗan Maraɗi:
Wallahi Hajiya kamar da ni kike. Kuma ni adashe ne ya kusa kashe mini nawa cinikin. Na kwashi dala 8,000 na zuba a asusu ana saura wata ɗaya, sai matar bankin ta kira ni ta ce daga ina. Na ce adashe. Ta ce mene ne shi. Na yi bayani har na gaji, ta ce in kawo takarda. Uwar adashenmu littafin makaranta take rubutawa a ciki da jan biro. A ƙarshe cewa suka yi ba za su ƙirga kuɗin ba sam. Wanda zai nema ya zuba kuɗinsa tun da wuri su kwana biyu a asusu, don takardar banki ta watannin baya suke dubawa layi-layi.

Anti Nas:
Kun yi ta maganar takarda, bari ni in yi maganar zaman, tunda Baban Ummi ya ce kada a rufe shi. Shekararmu biyar a wata gunduma a kudancin Minnesota, da wannan rancen muka saya. Maigidana ne ya matsa, ni ban so ba, kuma har yau wani lokacin ina tuna masa.

Ranar da muka tare, na buɗe famfo na ji ruwa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ashe ba ruwan gwamnati ba ne, rijiyar burtsatse ce a bayan gida. An gwada ruwan kafin a rufe ciniki, ya tsallake, ba cuta a cikinsa, amma gwajin ba ya hana wari. Fararen kayan aikina duk suka koma ruwan ƙasa saboda ƙarfen da yake cikin ruwan. Sai da muka sayi injin tacewa, kuma duk wata sai an zuba masa gishiri buhu-buhu. Sannan injin da yake jawo ruwan da lantarki yake aiki. In an ɗauke wuta, ba ruwa, ba bayan gida, ba komai. Wata guguwar ƙanƙara ta taɓa kayar da itace a kan waya, muka kwana uku ba wuta. Ni da na baro Kano ina cewa na rabu da janareta har abada, ga ni a Amurka ina riƙe wa maigida tocila yana jan igiya cikin sanyin da yake tsaga fata.

Masai ma naka ne. Babu bututun gari, sokawe ce a binne a fili, duk shekara uku zuwa biyar sai ka kira mota ta kwashe. Ba a zuba mai a magudanar kicin, mu kuwa kun san girkinmu da manja da man gyaɗa. Shekara ta biyu ta toshe, ruwa ya dawo ta banɗakin ƙasa ana gobe Sallah. Ɗumama gida kuma da gas ɗin tanki ne da mota take kawowa, in ka bari ya ƙare a watan Janairu ka shiga uku. Shara mu muke biyan mai kwashewa. Hanyar da ta shigo gidanmu daga titi mu muke share mata ƙanƙara. A gidan haya duk waɗannan waya kawai kake ɗagawa ka kira mai gida. Yanzu kai ne mai gidan.

Amma duk wannan kuɗi ne, ana iya jurewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kaɗaici. Masallacin da ya fi kusa da mu tafiyar minti hamsin ce. Islamiyyar yara ta koma ta waya. 'Yata ita kaɗai ce mai ɗankwali a duk makarantarsu, kuma shekarar farko kullum sai ta dawo da tambayar da aka yi mata. Da na haihu, mutum huɗu ne suka zo suna. A Minneapolis da gidan ba zai ɗauki jama'a ba.

Baban Ummi:
Anti, jikina ya yi sanyi. Maiɗakina tana gefena tana karantawa, ta ce a gaishe ki, ta ce Allah ya saka da alheri da kika faɗi abin da take ta faɗa mini.

Injiniya Columbus:
Anti ta faɗi gaskiya, amma a yi adalci, ƙauyenta daban, wanda Baban Ummi yake magana daban. Ita tana can cikin gonakin masara, shi kuwa minti talatin ne a kan babbar hanya ta 421 ya shigo Greensboro, inda masallatai suke da shagunan nama na halal da jama'armu ta Nijar. Sanyin Carolina ta Arewa kuma ko kusa bai kai na Minnesota ba. Ni gidana ruwan gari ne, bututun gari ne, intanet mai ƙarfi, kuma taswira ta kira shi karkara. Ba kowane gidan shirin ne mai rijiya da sokawe ba. Kuma Liberty ɗin nan ai nan ne Toyota ta kafa masana'antar batir, wurin ba zai zauna yadda yake ba.

Anti Nas:
Injiniya, minti talatin ɗin nan a baki ne yake da sauƙi. Ka ninka shi. Shi zai je aiki ya dawo, ita za ta je ta dawo, watakila aikin dare take yi. Babu bas, babu jirgin ƙasa, dole mota biyu masu lafiya, ta ƙanen ta uku. Mil hamsin a rana, sama da dubu a wata ga kowane mutum ɗaya. Ga barewa da take faɗo wa mutum a hanya da asuba, ni sau biyu ina bugewa. Ranar da yaro ya yi zazzaɓi a makaranta, wa zai ɗauko shi? Mai renon da suke ba 600 tana Greensboro, za a riƙa kai mata auta kullum ne ko za a nemi wata a can? Ni ban ce kada su saya ba. Cewa na yi abin da aka rage a haya kada a ɗauka ya zama riba, hanya tana cin rabonta.

Kuma don kada a ce na cika kushe: yarana suna wasa a waje har magariba ba na fargaba. Ina da kaji goma sha biyu, ina shuka yakuwa da kuɓewa da rani. Maƙwabcinmu wani dattijo Bature, ranar ƙanƙarar farko tun kafin mu tashi ya zo da tarakta ya share mana hanya, ko ruwa bai karɓa ba. Layya kuwa wurin wani manomi muke zuwa mu zaɓi rago da idonmu. Waɗannan ba na samunsu a birni.

Alhaji na Bronx:
'Ya'yana, na karanta duka. Ni shekarata talatin da ɗaya a New York, daga Zangon Kumasi na zo, kuma har yau haya nake biya, ban ji kunyar faɗa ba. Abu biyu zan tambaya. Na ɗaya, in mutum ya cika a can, wa zai yi masa wanka, ina za a kai shi? Mun taɓa ɗauko gawar wani ɗan'uwa daga wani ƙauye, tafiyar awa huɗu, saboda babu maƙabartar Musulmi kusa kuma babu wanda ya san yadda ake yi. Na biyu, duk wannan lissafin da kuke yi ban ji wanda ya ambaci riba ba. Ko don gwamnati ce ta tsaya sai kuɗin ruwan ya zama halal?

Malam Ƙarami:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, tambayar tana wurinta. Tsayawar gwamnati ba ta sauya komai ba, rance ne da ruwa. Malamai sun yi saɓani a kan wanda yake zaune a irin waɗannan ƙasashe. Majalisar fatawa ta Turai ta fitar da fatawa a 1999 cewa wanda ba shi da gidan kansa, kuma bai sami wata hanya ta halal ba, yana iya saya da irin wannan rance don zaman kansa saboda buƙata. Wasu malaman da yawa, har da na nan Amurka, ba su yarda ba, suna cewa muddin mutum yana samun haya to lalura ba ta kai ba, balle yanzu da akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF da suke yin tsarin haɗin gwiwa ko saye da sayarwa. Sai dai su waɗannan sai ka ajiye wani abu tun farko, ba kamar na USDA ba. Ni ba zan yanke wa Baban Ummi hukunci a zaure ba. Ya zauna da malamin da ya yarda da iliminsa, ya faɗa masa halinsa duka, kada ya je neman wanda zai faɗa masa abin da yake son ji.

Sarkin Zolaya:
Allah gafarta Malam, su ma na Musuluncin in ka duba abin da kake biya a wata ai kusan ɗaya ne. Suna kawai aka sauya.

Malam Ƙarami:
Kuɗin yana iya zuwa ɗaya, ƙulla cinikin ne ya bambanta, kuma a shari'a wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma wannan muhawara ce mai zaman kanta, in muka buɗe ta a nan za mu kwana, kuma mai tambaya bai sami amsarsa ba.

Maman Hanif:
Ni tambayata a kan takardun zama ce. Mijina yana da girin kad, ni kuma takardar izinin aiki kawai gare ni, ana kan yi mini. Za mu iya?

Hajiya Mai Lissafi:
Maman Hanif, ɗan ƙasa da mai girin kad da wanda aka ba mafaka suna ciki. A 2022 an yi wani sassauci na wucin gadi da ya bar wasu masu izinin aiki su nema, amma an janye shi a 2025. Saboda haka maigidanki zai iya nema da sunansa shi kaɗai. Sai dai ki tuna abin da na faɗa a sama: albashinki zai shiga lissafin rufin, amma ba zai shiga lissafin ƙarfin biya ba. Kuma ya duba makin kiredit ɗinsa, yawancin masu ba da rancen 640 suke so su gani, ƙasa da haka sai an bi takardu da hannu, abin ya yi tsawo.

Ɗan Maraɗi:
To shi wancan na biyun da gwamnati take bayarwa da kanta fa? Na ji an ce ruwansa kashi ɗaya ne.

Injiniya Columbus:
Yana iya sauka har kashi 1, amma ta hanyar tallafi ne, gwargwadon ƙarancin abin da kake samu. Na waɗanda samunsu bai wuce kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin yankin ba ne, ana biya a shekara 33, masu ƙaramin ƙarfi sosai har 38. A ofishinsu na raya karkara ake nema, ba a banki ba, kuma akwai jira. Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne tallafin nan ana rubuta shi. Ranar da ka sayar da gidan ko ka daina zama a ciki, za su nemi a mayar musu da wani kaso ko duka. Su Baban Ummi dai samunsu ya yi masa yawa, ba nasu ba ne.

Tunda an zo nan, wani abu kuma: gidan dole ya zama inda kake kwana. Ba na sa 'yan haya ba ne, ba kuma na gonar kasuwanci ba. Kajin Anti da kuɓewarta ba matsala, amma wanda yake mafarkin garken awaki na sayarwa, wannan wani sashe ne daban na ma'aikatar yake ba da rancensa. Sannan a sa ran jinkiri, don bayan banki ya gama nasa sai fayil ya je wurin USDA su sa hannu. Lokacin da ma'aikatun gwamnatin tarayya suka rufe na kwana 43 daga 1 ga Oktoban 2025, wani abokina yana tsakiyar ciniki, komai ya tsaya cak, har mai gidan ya gaji ya sayar wa wani.

Anti Nas:
Baban Ummi, in kun nace, ga abin da zan ce ka yi wanda mu ba mu yi ba. Ka ɗauki madam ku je gidan da ƙarfe goman dare, ku kashe fitilar mota ku zauna minti biyar, ta ga irin duhun da za ta riƙa dawowa ciki. Ku duba ko waya tana kamawa a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba. Ka tuƙa daga can zuwa wurin aikinka da safiyar Litinin, ba ranar Lahadi da hanya take fayau ba. Ka tambayi shekarun rufin da na sokawe, ka biya mai duba gida naka na kanka, kada ka dogara da mai kimantawa na banki, shi darajar gidan ce ta fi damunsa. Kuma ka buga wa kamfanin intanet waya da adireshin, kada ka yarda da maganar dillali.

Alhaji na Bronx:
Kuma ka tambayi matarka tsakani da Allah, ba a gaban ƙanenka ba.

Baban Ummi:
Jama'a na dawo, kwana biyu ban leƙo ba. Na buga adireshin a taswira, ya cancanta. Mun je daren Laraba kamar yadda Anti ta ce. Waya sanda ɗaya take kamawa a falo, a ɗakin baya babu ko ɗaya. Rijiya ce da sokawe, kuma dillalin da na tambaye shi yaushe aka kwashe ta ƙarshe sai ya ce zai bincika. Maman Ummi ba ta ce komai ba har muka hau 421, sannan ta ce ita in dai za a yi, a nemi wanda yake da ruwan gari kuma kada ya wuce minti ashirin zuwa masallaci. Na zauna da taswirar jiya har ɗayan dare ina bin gefen layin, na sami adireshi uku a cikin Guilford ɗin kanta da suka shiga, sai dai mafi arha a cikinsu 255,000 ne kuma filin bai kai rabin wancan ba. Ranar Juma'a bayan an sauko zan ga liman a kan maganar Baba. Mai renon kuma ta ce sai ta yi shawara da mijinta kafin ta sa hannu a kowace takarda.

Hajiya Mai Lissafi:
To ka fara tura mata ta banki tun wannan watan ko da ba ta amsa ba tukuna. Kuma ka ce wa ƙanen naka ya sassauta ƙarin awoyi har a gama, tazarar da kuke da ita ba ta kai dubu shida ba.

Sarkin Zolaya:
Ko kuma a yi masa aure ya tashi, kowa ya huta.

Hajiya Mai Lissafi:
In ya tashi kun koma mutum biyar, har yanzu kuna layin 158,250 da albashin 110,000. Baban Ummi, wannan karon maganar Sarkin Zolaya abin dubawa ce. Yana da wadda yake nema?